Baitin Layin Yashi

Burodi nake rarrabawa a keke. Tun da sassafe nake zuwa gidan burodin da ke bayan tasha a loda mini akwati a kariya, wato mazaunin bayan keke, in bi shaguna da teburan masu shayi har rana ta take. Daura ba ta da wuyar zagayawa ga mai keke, in dai ya san kwanar da 'yan acaɓa suke yankowa ba duba ba waiwaye, da wuraren da awaki suke kwanciya a tsakiyar kwalta kamar ubansu ne ya shimfiɗa ta. Aikin bai taɓa damuna ba. Amma abin da nake jira a mako shi ne yammacin Alhamis da na Asabar, lokacin da mawaƙan majami'armu suke haɗuwa koyon waƙa.

Majami'ar tamu ƙarama ce, can gefen gari. Yawancin mawaƙan mata ne, su ne masu buga tulu da caki, su ne kuma masu amshi. Mu maza 'yan kaɗan ne, kuma a cikinmu mutum ɗaya ne mai muryar da ake kira murya, wato Baba Auta. Tsohon maigadi ne, mutumin wani ƙauye ta wajen Zango. Idan ya buɗe baki ba ya ɗaga sauti, ƙasa-ƙasa yake yi, amma sai ka ji bencin da kake zaune a kai yana rawa. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban iya karanta waƙa a takarda ba. Kusa da shi nake zama ina kwaikwayo.

Da ƙafafunsa suka kumbura ya kasa doguwar tafiya, sai ɗaukarsa ya zama aikina. In na gama rabon burodi sai in kwance akwatin, in ninke buhu in ɗaure a kariya, in je har ƙofar gida in ɗauko shi. Kallon hanya yana sa shi jiri, saboda haka yakan riƙe rigata ta gefe biyu, ya jingina goshinsa a tsakanin kafaɗuna, ya rufe ido. A zuwa ba ya magana, wai yana tattalin murya. A komowa ne yake koya mini waƙar kaka.

Waƙar nan ba ta cikin littafin waƙoƙi. Ta mahaifinsa ce, wadda yake yi wa masu gayya a gona, daga baya ya juya kalmominta suka zama na godiya ga Ubangiji. Sau ɗaya ake rera ta a shekara, ranar Lahadin godiya, lokacin da kowa yake kawo damin gero ko kwanon gyaɗa ko kaza ya ajiye a gaba. Namiji ɗaya ne yake bayarwa, mata su amsa da cewa, “Naka ne, ga shi mun kawo.” Baiti huɗu gare ta. Na farko shuka, na biyu noma da yunwar marka, na uku girbi, na huɗu rumbu.

Ba da kunne na koye ta ba, don ƙarar babura ba ta barin kunne ya ji komai. Ta baya take shiga. Daga goshinsa take bin ƙashin bayana ta hau har maƙogwaro, kowace kalma tana faɗowa daidai da saukar feda. Kuma ya raba ta da hanya. Daga ƙofar majami'a zuwa rumfar Munzali mai faci, baitin shuka. Daga nan zuwa darbejiyar bakin masallaci, baitin noma. Daga darbejiya zuwa inda kwalta ta ƙare, girbi. Baitin rumbu kuwa ya faɗa a layin gidansa, wanda ruwan damina yake tara wa yashi har ya rufe idon sawu. A nan dole nake sauka in tura. Shi yana zaune a kan buhu, kansa a sunkuye a kan sirdi yana ta abinsa, ni kuwa ba abin da nake ji sai hakina.

Nakan ce masa, “Baba, ka maimaita mini na ƙarshen nan in mun tsaya.”

Sai ya ce, “Waƙar tafiya ce, Audi. Ka ƙara ƙarfin ƙafa ka daina sauka, za ka ji ta.”

“Baba, yashin nan ko jaki sai ya yi tunani.”

“To kai ma yi tunanin, ba na hanzari.”

Ashe ba haka ba ne. Ana cikin shirin godiyar bana, wata Asabar muna tsakiyar koyo ya zauna a benci ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan kansa ya langaɓe. Aka tare A Daidaita Sahu aka yi asibiti da shi, washegari aka sanar da rasuwarsa. A ƙauyensu aka binne shi. Ni da na kawo shi a keke, ni kaɗai na koma, buhun yana ɗaure a baya.

Da aka share makoki, Malama Rifkatu ta kira ni gefe. Malamar firamare ce, ita ce shugabar mawaƙa, kuma ba ta son aikin rabi da rabi. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton bidiyon godiyar bara. Baitoci uku suna fita tsaf. A na huɗu kuwa Baba ya ƙara yin ƙasa da murya, tuluna suka hau kansa, ga janareta yana ta ruri a bayan taga. Bakinsa kawai ake gani yana motsi.

Ta ce, “Na tambayi mata, kowace da abin da take faɗa. Mu amshi muka sani. Kai ne ka yi ta yawo da shi a keke.”

“Uku na samu, Malama.”

“Ba za mu tsaya a gaban jama'a da guntuwar waƙa ba, Audi. In Asabar ta ƙarshe ta zo ba ka da na huɗun, sai mu ɗauki wata a littafi.”

Na san in aka tsallake ta bana ba mai sake tayar da ita. Baɗi za a ce ai bara ma ba a yi ba.

Na je wajen matar Baba, Inna Kyauta. Na tarar da ita a ƙofar gida a kan 'yar kujera tana ɓarar gyaɗa, wurin da take zama ta jira mu a da. Na gaishe ta, na tambaye ta baitin.

Ta ce, “Ni ba mawaƙiya ba ce, ɗana. Na san akwai rumbu a ciki, akwai sunan gonar uban nasa, akwai inda yake cewa ɓera ma ya ci rabonsa. Amma jerin ban riƙe ba. Kullum ina ganin mai abin yana nan.”

Ranar Alhamis da aka tashi daga koyo, na hau keke, buhun yana ɗaure a baya saboda sabo, zan tafi ɗakina, wanda yake wani ɓangaren gari dabam. Sai na ga ƙafata ta bi tsohuwar hanya. Ban yi nisa da ƙofar majami'a ba na ji bayan keken ya ɗan lotsa, irin lotsawar da yake yi in mutum ya zauna a hankali don kada ya girgiza mai tuƙi. Rigata ta ɗame ta gefe biyu. Daga nan wani abu mai ɗumi, mai faɗin tafin hannu, ya sauka a tsakanin kafaɗuna.

Ban waiwaya ba. Rana tana nan ba ta faɗi ba, mai rake yana tura baronsa, 'yan mata suna dawowa daga Islamiyya da hijabai iri ɗaya. Na ce wa kaina gumi ne, kariya ce ta kwance. Sai baitin shuka ya fara tasowa ta ƙashin bayana, kalma bayan kalma, daidai da feda.

Na tsaya a rumfar Munzali na dire ƙafa, nan take abin ya yi tsit. Munzali abokina ne tun muna yara, shi yake duba mini keke. Yana zaune yana goga wa wani tif roba.

Ya ce, “A'a, Fasto, yau kuma ina ka baro muryar taka? Ka yi fari kamar an tsamo ka a garin rogo.”

“Injiniya, duba mini baya, kamar wani abu ya saki.”

Na sauka. Ya girgiza kariyar, ya ɗaga tayar baya da hannu ɗaya ya juya ta, ya matsa ta da yatsa.

“Lafiyar kekenka ƙalau. Yunwa ce, je ka ci burodin mutane.”

“Tsaya in hau ka gani.”

Na hau na dafa ginshiƙin rumfar na ɗora ƙafa biyu a feda. Munzali yana tsugune yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Tayar baya ta baje a ƙasa, bajewar da ba ta yi ko da na loda akwati har sama. Ya dubi tayar, ya dubi buhun da ba kowa a kai, ya sake duban tayar.

Ya ce, “Sauka.”

Na sauka, taya ta miƙe. Ya koma kan bencinsa ya ɗauki tif ɗin da yake gogawa, ya yi ta goga wurin da ya riga ya goge.

“Ni faci na iya, Audi,” in ji shi, bai ɗago ba.

Na ci gaba da tafiya don ban san abin da zan yi ba in ba tafiyar ba. Ina taka feda nauyin ya dawo, baitin noma ya ɗauka daga farkonsa. A gindin darbejiyar bakin masallaci akwai wani dattijo makaho, Malam Mahdi, da yake zama a kan buzu bayan la'asar. Abokin wasan Baba ne, ba mu taɓa wucewa ba su yi wa juna tsiya ba. Muna kawowa daidai da shi ya ɗaga kai.

“Auta! Kai Bamaguje, ashe ƙarya aka yi mini? An ce ka riga ni.”

Na ja birki. Wani mai sayar da turare da ke kusa ya ce, “Malam, yaron ne shi kaɗai. Auta ai ya rasu.”

Malam Mahdi ya karkata kunne wajena. Ya daɗe a haka. Hannunsa da ke jan carbi ya tsaya.

Ya ce, “Haka ne, na ji an faɗa.” Sannan ya yi ƙasa da murya. “Audi, kada ka tsaya da shi a hanya. Yamma ta yi.”

A bakin layin yashi na sauka kamar yadda na saba, ban ma yi tunani ba. Ƙafata tana taɓa ƙasa komai ya ɗauke, ɗumin ya tafi, rigata ta saki. Na tsaya riƙe da keke marar nauyi. Can ƙarshen layin ina hango Inna Kyauta a kan kujerarta, ta sa hannu a goshi tana duban wajen da nake. Na kasa ƙarasawa, na juya.

Da safe, da akwatin burodi a baya, ba abin da nake ji. Keke keke ne. Na yi ta lura har na gane abin ba ya zuwa sai an kwance akwati an ɗaura buhu, kuma sai daga ƙofar majami'a, kuma sai ta wannan hanya. Ran kasuwa na bi ta cikin cunkoso da buhun a ɗaure, tsakanin motocin shanu da masu dakon gero, ba abin da ya faru. Amma ko ba ranar koyo ba, in na je ƙofar majami'a da yamma na juya keke, sai baya ya lotsa.

Ban ce ban ji tsoro ba. Abinci ya daina yi mini daɗi, kuma in na jingina da bango sai in zabura. Amma ba tsoron ne ya fi damuna ba. Baitoci ukun da nake da su sun ƙara zama a bakina fiye da da, har wuraren da yake jan numfashi na riƙe. Na huɗun yana nan a cikin yashi, taku kaɗan daga inda nake sauka.

Na gwada shiga da gudu. Na taho tun daga kwalta na miƙe a kan feda, tayar gaba ta nutse, kan keken ya murɗe, na ji kalma ɗaya ko biyu sun fara tasowa, sai ga ni a ƙasa, keke a kaina. Gwiwata ta goge. Ban san lokacin da na ce, “Baba, yi haƙuri, ka ji ciwo?” ba. Wata mata da ta ɗauko ruwa ta tsaya ta dube ni, ta dubi gefen da nake yi wa magana, ta ƙara sauri.

Na gwada a hankali, na gwada ta gefen katanga inda yashin ya fi tauri. Kullum ƙafa sai ta sauka.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin godiya na tsaya wajen Munzali da gwiwa a ɗaure. Tun ranar nan bai sake kirana Fasto ba.

Ya ce, “Kwance buhun nan ka jefar, don girman Allah. Ka dubi yadda ka koma. In ba za ka iya ba kawo ni in kwance.”

“In na kwance shi waƙar ta tafi.”

“Waƙoƙi nawa ne a littafin naku? Ba ku gama su ba ma.”

“Wannan ba ta ciki.”

Ya yi tsaki ya juya mini baya. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya sake ɗauka. Can ya ce, “A ina kake faɗuwar?”

“Layin yashi. Sai na shige shi ban sauka ba.”

“Da wannan iskar? Ka cika taya tam kamar ganga ka ce za ka shiga yashi? Mutanen Mashi masu shiga Nijar da babur ba ka ga yadda suke yi ba? Rage iska ake yi, taya ta baje ta hau kan yashin maimakon ta yanka shi.”

“Tif ba zai fashe ba? Ga nauyi.”

“Zai iya. In ya fashe ka turo, ba ni zan ɗauko ka ba.”

Ya tsuguna ya sassauta bakin tayar gaba, iska ta yi ta fita yana matsawa da yatsa har ya gamsu. Da ya zo ta baya sai ya miƙa hannu daga nesa, ya kawar da kai, ya yi aikin da lalube. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa.

“Kada ka miƙe a kan feda, zauna daram. Kada ka kalli taya, kalli inda za ka.” Sannan ya dubi buhun ya ce, “Baba, a riƙe da kyau.” Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Taya mai laushi tana da nauyin ja a kwalta. Na wuce darbejiya ina gumi, Malam Mahdi ya ɗaga mini hannu. Baitin girbi ya ƙare daidai inda kwalta ta ƙare, kamar kullum. Na zauna daram na shiga.

Keken ya yi tangal-tangal amma bai faɗi ba. Yashin yana kuka a ƙarƙashina, cinyoyina suna zafi, feda tana sauka a hankali kamar ana taka laka. Hannayen da ke riƙe da rigata suka ƙara damƙa. Goshin ya danna sosai har na ji tudun ƙashinsa. Sai baitin ya zo.

A hankali ya zo, don tafiyar a hankali take, kowace kalma ta samu wurin zama. Ban ji layin ba, ban ji kukan awaki ba, ban ji rediyon da wani ya kunna a zaure ba. Bakina yana maimaitawa ba da izinina ba. Sau ɗaya tayar baya ta zame na ji za mu tafi, sai nauyin ya karkata ɗaya gefen ya daidaita mu, abin da Baba bai taɓa iyawa ba da ransa. Kalmar ƙarshe ta faɗo, na ga ƙofar gidan a gabana, na dire ƙafa.

Wannan karon nauyin bai ɗauke ba. Yana nan yana jira.

Inna Kyauta ta ajiye tiren gyaɗa ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Ta zagayo ta hagun keken, ta lanƙwasa hannunta ta miƙa wajen buhun. Rigata ta saki gefe ɗaya, sannan ɗayan. Keken ya ɗago. Ta juya ta nufi ƙofa da ƙananan taku, hannun a lanƙwashe, kafaɗarta ta ɗan sunkuya ta gefen, ta ɗaga labulen zaure ta riƙe shi ya fi yadda mutum ɗaya yake buƙata. Ta shiga.

Na tsaya a waje, gumi yana sanyi a bayana. Da ta fito ta koma kan kujerarta ta ce, “Ka samu?”

“Na samu, Inna.”

“Rera mini.”

Na rera mata a tsaye, riƙe da keke. Tun ban kai rabi ba ta daina motsi. Baitin yana maganar mutumin da ya isa masussuka ya tarar an riga an share, ba mai awo, ba mai tambayar na wane ne. Tsuntsaye suna ci ba a korarsu. Ya taka ƙasa da ƙafarsa ba ta yi masa ciwo ba. A ƙarshe yana cewa uwar gida ta shiga daga ƙofa, sanyi ya fara.

Ta ce, “Ba wannan ba ne.”

“Inna, shi na ji, wallahi ban ƙara komai ba.”

“Na san ba ka ƙara ba. Ina rumbun? Ina gonar? Wancan na sha jin sa shekara da shekaru, ko ban riƙe ba in na ji zan gane. Wannan bai taɓa rera shi a gidan nan ba.” Ta jawo tiren gyaɗar ta ɗora a cinya, ba ta ɓare ko ɗaya ba. “Sabo ne.”

Washegari na je ƙofar majami'a da yamma na juya keke, na bi hanyar tun daga farko har cikin yashi. Ba lotsawa, ba ɗumi. Baitin rumbu bai zo ba, kuma na gane ba zai zo ba.

Ranar Asabar na rera wa Malama Rifkatu abin da na samu, a gaban mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a harɗe.

Ta ce, “Muryar ta zauna, ban taɓa jin ka haka ba. Amma wannan ba baitin bara ba ne, ko a bidiyo bakinsa ba haka yake tafiya ba. Kai ka tsara?”

“A'a, Malama.”

“Wa ya ba ka?”

Matan suka zuba mini ido, wata ta kife tafinta a bakin tulunta.

“Ba zan sa a rera abin da ban san inda ya fito ba, Audi. Gobe a gaban bagadi za mu tsaya.”

“Ni na san inda ya fito.”

Inna Kyauta ce a bakin ƙofa. Tun rasuwar ba ta tako wajen koyo ba, kuma a ƙasa ta zo, ƙafarta duk yashi. Ta ce, “Rifkatu, 'yata, ki bar shi ya yi gobe. In akwai laifi a kaina.”

Malama ta dube ta, ta dube ni. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce wa mata, “Mu ɗauka daga farko.”

Lahadi majami'a ta cika har waje. Damman gero sun taru a gaba, ga kabewa, ga wake a kwarya, ga wani zakara da aka ɗaure wa ƙafa yana ta mutsu-mutsu. Na tsaya inda Baba yake tsayawa. Tuluna suka ɗauka, na ba da shuka, mata suka amsa. Na ba da noma, na ba da girbi, tsofaffi suna gyaɗa kai, wasu suna amsawa daga kujerunsu.

Da na shiga na ƙarshen, tuluna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce su tsaya. Caki ya yi shiru. Ni kaɗai nake yi, ƙasa-ƙasa, na ga wata tsohuwa a bencin gaba ta ɗaga hannunta daga kan bencin ta dube shi. Na kai ƙarshe na tsaya wurin amshi. Ba wadda ta amsa. Har zakaran ya daina motsi.

Daga can baya wata murya siririya, wadda ba ta saba waƙa ba, ta ce, “Naka ne, ga shi mun kawo.”

Sai sauran suka bi ta, tuluna suka dawo.

Bayan an tashi, ana ta ɗibar kaya ana kaiwa ɗakin ajiya, Inna Kyauta ta kama hannuna ta ja ni gefe.

“Baɗi kada ka yi wannan na ƙarshen.”

“Don me, Inna?”

“Sau ɗaya aka aiko shi, kuma ya iso.”

Muna tsaye Malama Rifkatu ta zo da wayarta a hannu, idonta ja. Ta ce ba wanda ya tuna ya ɗauka, ita ma ta manta, in maimaita mata yanzu tun da sauran shiru. Na dubi Inna, ba ta hana ni ba. Na buɗe baki. Karin ya fito daidai, amma ba kalma ko ɗaya a kansa. Na san maganar masussuka ce, na san akwai tsuntsaye, amma yadda aka jera su ya tafi. Na sake gwadawa, na taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar ina kan feda. Babu.

Malama ta jira har ta gaji, ta kashe wayar. Ta ce, “To baɗi fa? Uku ke nan suka rage.”

Na ce, “Uku ne, Malama. In ba za a yi guntuwa ba, na gane.”

Ta dubi damman geron da ake fita da su. Sannan ta ce, “Za a yi. In ka gama girbi, masu tulu su ci gaba su kaɗai gwargwadon baiti ɗaya, sannan mu amsa.” Ta sa wayar a jaka. “Ka zo da wuri ran Alhamis, akwai waƙoƙin Kirsimeti, kuma ba mu da wani namijin da zai bayar.”